Kafin Tatata: Abin da ke Riƙe wa Yaro Ido da Tsayuwa

Duk wanda ya taɓa hawa kabu-kabu daga cikin garin Ƙonni zuwa bakin iyaka ta wajen Illelar Najeriya ya san yadda babur ke jijjiga mutum. Kai na rawa, kafaɗu na rawa, amma fasinja yana karanta lambar motar da ke gabansa, yana kuma gane fuskar ɗan'uwansa da ke tsaye a bakin hanya har ya ɗaga masa hannu. Ba ma ɗaukar wannan a bakin komai, alhali aiki ne babba ake yi mana a cikin kai ba tare da an yi shawara da mu ba.

Mai karatu na iya gwadawa yanzu. Riƙe wannan shafi a gabanka, ka dinga girgiza kai dama da hagu da ɗan sauri: rubutun na nan daram, kana karantawa. To tsai da kai wuri guda, ka girgiza shafin da irin wannan saurin: haruffa sun cakuɗe. Dalili shi ne in shafi ne ke motsi, ido kaɗai ke bin sa, kuma saƙon gani yana ɗaukar kusan kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa kafin ya zaga ƙwaƙwalwa ya dawo. In kuwa kai ne ke motsi, kunne ne ke ba da labari, ta wata gajeriyar hanya da ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa ba. Kai ya juya dama, ido ya juya hagu daidai gwargwado, sai duniya ta tsaya cik. Yana cikin motsi mafi sauri a jikin ɗan Adam, kuma ana haihuwar jariri da shi.

Gidan wannan aiki yana can bayan dodon kunne, a cikin ƙashi mai tsananin tauri. A kowane kunne akwai ƴan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, kowanne ya fuskanci nasa ɓangaren, ta yadda duk inda kai ya juya sai ɗayansu ya ji. In mace ta juya ƙwarya mai ruwa da sauri, ƙwaryar ce ke fara tafiya, ruwan ya ɗan yi jinkiri kafin ya bi. Wannan jinkirin ne ke tura wasu ƙananan gasusuwa a bakin bututun, su kuma su aika saƙo. Kusa da bututun akwai ƴan jakunkuna biyu da aka shimfiɗa wa ƙananan tsakuwoyi waɗanda ido ba ya gani. Sinadarinsu ɗaya ne da dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Malbaza don yin siminti. Nauyin tsakuwoyin nan ne ke gaya wa mutum ina ne ƙasa, ko da idonsa a rufe, ko da cikin duhun dare.

Daga kunne zuwa ido zango uku ne kawai. Jijiya ta farko ta ɗauko saƙo daga kunne zuwa gindin ƙwaƙwalwa, ta biyu ta miƙa shi ga cibiyoyin da ke sarrafa ido, ta uku ta ja ɗaya daga cikin tsokoki shida da ke kewaye da kowace ƙwayar ido. An daɗe ana bin sawun wannan hanya. Tun a shekarun 1820 wani Bafaranshe, Pierre Flourens, ya yanke wa tantabaru waɗannan bututu, ya ga ba su kurmance ba amma sun kasa riƙe kai. Robert Bárány na Vienna ya samu kyautar Nobel ta 1914 saboda bincikensa kan wannan sashe na kunne. Shi ne ya bayyana dalilin da ya sa ruwan sanyi ko na ɗumi in ya shiga kunne ido ke rawa, mutum ya ji jiri. Rafael Lorente de Nó a 1933 da János Szentágothai a 1950 su ne suka fayyace zangon nan uku.

Ginin yana farawa tun uwa ba ta tabbatar da ta ɗauki ciki ba. Wajen mako na 4, wani ɗan wuri a kowane gefen kan ɗan tayi yana lotsawa ciki ya zama ƙaramar jaka. Tsakanin mako na 6 da na 8 bututun uku sun fito da siffarsu. Kafin ciki ya cika wata 5 wannan sashe ya kai girman da zai zauna da shi har tsufa, a lokacin da sauran jiki ko kusa bai kai ba. Jijiyarsa kuma tana cikin na farko da ke samun rufin kitsen da ke sa saƙo ya yi gudu. Wato tun a ciki yaro yana jin uwarsa ta sunkuya daka, ta miƙe, ta kwanta, ta hau amalanke.

Ungozoma ta san alamarsa ko da ba ta san sunansa ba. Jariri sabon haihuwa, in kansa ya ɗan faɗa baya ba zato, sai ya buɗe hannuwa ya ware yatsu, sannan ya rungumo iska. Likitan yara Ernst Moro ya rubuta bayanin wannan zabura a 1918, kuma tana ɓacewa wajen wata 4 zuwa 6. Haka nan in an ɗauki jariri aka juya da shi a hankali, idanunsa na karkata su bi juyin, tun bai iya kallon fuskar uwarsa sosai ba. Bayan nan sai a bi daki-daki: wuya ya yi ƙwari, a girka yaro ya zauna, ya yi rarrafe, ya kama bango, a kama masa hannu ana tatata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara a Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006: lafiyayyen yaro na iya zama da kansa daga kusan wata 4 zuwa 9, ya yi tafiya shi kaɗai daga kusan wata 8 zuwa wata 17 da ɗoriya. Tazarar tana da faɗi, kuma ya kamata kishiyoyi da surukai masu gasar “nawa ya riga naki” su san haka.

Wa ya koya masa?

Tambayar da ta daɗe tana cin masana ita ce, shin wannan hanya ta kunne zuwa ido da kanta take ginuwa, ko sai an motsa ta? Akwai dalilin zaton sai an motsa. David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka ci Nobel a 1981, sun nuna cewa in aka rufe wa ɗan kyanwa ido ɗaya a makonnin farko, idon ba zai ƙara gani daidai ba ko an buɗe, domin ƙwaƙwalwa ta ba wa ɗayan wurinsa. Daga nan aka ɗauka kusan kowace hanyar jijiya haka take, sai ta ɗanɗana duniya kafin ta nuna.

Mu ma a nan muna da hujjarmu. Ɗan Ƙonni ko na Galmi ko na Badagishiri yana shafe watanninsa na farko a bayan uwa, daure da zane da majanyi, ana daka da shi, ana jan ruwa da shi, ana dashen albasa da shi. In uwa ta gaji, yayarsa ƴar shekara 7 ta karɓa. Kakanni mata kuwa ba sa jira. Suna girka yaro a cikin kwando ko su tokare shi da tsummoki, suna cilla shi sama su cafe. Wani masani Ba'amurke, Charles Super, ya rubuta a 1976 cewa jariran Kipsigis na Kenya sukan riga na Amurka zama da tafiya da kusan wata guda, kuma abin da iyaye ke koyarwa da gangan shi ne yaran ke yin gaba a kansa. Rarrafe da ba a koya musu ba, ba su riga kowa ba. Saboda haka horo yana da tasiri a kan tsokar wuya da ta baya da ƙafa, ba musu.

Amma ita hanyar kunne zuwa ido, labarinta daban ne, kuma wani ɗan mitsitsin kifi ne ya tona shi. Kifin zebra, wanda asalinsa na rafukan Indiya da maƙwabtanta ne, jikinsa garau yake a kwanakin farko, har ana iya ganin ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa suna aiki ta madubin bincike. Hanyarsa ta kunne zuwa ido zango uku ce irin tamu. A ɗakin binciken David Schoppik na Jami'ar New York an yi shekara da shekaru ana karkata waɗannan kifaye, hanci sama, hanci ƙasa, ana auna yadda ido ke juyawa. Sun fara gano cewa lokacin da aka ƙyanƙyashe ƙwayar jijiya ta tsakiya, da wuri ko a makare, shi ke nuna aikin da za ta riƙe, na ɗaga ido ko na saukar da shi. A 2024 Dena Goldblatt da abokan aikinta suka nuna cewa ko kifin da ba shi da jijiyoyin da ke jan tsokar ido, zangon tsakiya yana ginuwa lafiya lau.

Sai a Janairun 2025 mujallar Science ta buga aikin Paige Leary da sauran ƴan ɗakin. Makafin kifaye sun nuna a wannan motsi daidai da masu gani. Ƙwayoyin cikin ƙwaƙwalwa sun kammala shiri tun motsin bai gama kyau ba. Abin da ake jira ashe shi ne mahaɗar jijiya da tsoka, can a bakin ido. Kifin da aka hana masa jin karkata tun farko, da aka dawo masa da shi bayan mahaɗar ta nuna, nan take ya yi motsin kamar babba. Bai nemi lokacin koyo ba.

Kifi ba yaro ba ne, kuma ba wanda zai yi wa jariri irin wannan gwaji. Amma ni a ganina darasin ya dace da abin da muke gani: ɗan da aka goya a gonar albasa da wanda aka shimfiɗe a gadon jarirai a Turai duk suna tashi da ido mai riƙe duniya. Wannan kyauta ce da ba ta bambanta ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Masu binciken suna fata sanin wannan zai taimaka wajen fahimtar harara-garke da rawar ido irin wadda ake yawan gani ga zabiya, tunda ya nuna a riƙa duba bakin tsoka, ba cikin ƙwaƙwalwa kaɗai ba.

Abin da rayuwa ke yi shi ne gyara awo. Ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya tana lura: in kai ya juya hoto ya zame a ido, sai ta ƙara ko ta rage ƙarfin motsin. Masao Ito na Japan ya ba da shekaru a kan wannan. A Montreal kuma, a shekarun 1970, Geoffrey Melvill Jones da Aaron Gonshor sun sa wa mutane tabarau mai juya dama ta koma hagu. Cikin makonni motsin idonsu ya raunana har ya fara juyawa ya bi sabon tsarin. Shi ya sa sabon tabarau ke sa tsoho jiri na kwana biyu sannan ya wuce. Tsayuwar jiki gaba ɗaya, wadda ke haɗa kunne da ido da tafin ƙafa, ita ba ta kammala sai yaro ya kai shekara 12 ko fiye. Duk shekarun langa da lilo da hawan jaki da kokawar dandali aiki suke. Yarinyar da ta fara da ɗan kwano a kan gammo har ta kai ga tulu tana horar da wuya ne ya riƙe kai shiru yayin da jiki ke tafiya a ƙarƙashinsa; binciken da aka buga a mujallar Nature a 1986 kan matan Luo da Kikuyu ya nuna suna ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsu ba tare da ƙarin kashe ƙarfi ba. Ƴan kokawar da ke neman takobin ƙasa, gasar da aka fara a Tawa a 1975, a kan wannan tushe suke tsaye.

Inda sanƙarau ke shiga

Abin da ke ginuwa da kansa yana iya rushewa cikin kwana uku, kuma wannan ne ya sa maganar ta shafe mu fiye da mutanen New York. Ƙonni da Malbaza da Illela suna tsakiyar zirin sanƙarau da likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana a 1963, wanda yau ake lissafa ƙasashe 26 a cikinsa daga Senegal zuwa Habasha. Lokacinsa sananne ne: daga ƙurar hunturu zuwa zafin bazara, sai ruwan farko ya kashe shi. A annobar 1996 an ƙidaya mutum kusan 250,000 da suka kamu a yankin, kusan 25,000 suka rasu. Allurar MenAfriVac, wadda Nijar tana cikin ƙasashe uku na farko da suka karɓe ta a 2010, ta kusan kawar da nau'in A na cutar. Sai wani sabon nau'in C ya ɓulla a jihar Sakkwato a 2013, ƙofa da ƙofa da mu. A 2015 ya kama fiye da mutum 8,000 a Nijar, ya kashe fiye da 500, a 2017 kuma ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Kebbi. A 2024 Najeriya, sannan Nijar, suka fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar.

Ana ƙidaya waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu. Waɗanda suka tashi su ne lissafinsu ke ɓacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 5 da suka tsira daga sanƙarau na ƙwayar bakteriya, 1 yana fita da tabo mai ɗorewa, kuma kurumta ce kan gaba. Ƙwayar cutar na bi ta wata siririyar hanya daga ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ta shiga kunnen ciki. To sashen ji da sashen tsayuwa gida ɗaya suke, ruwa ɗaya suke sha. Wutar da ta ci ɗaya da wuya ta bar ɗayan. Ƙananan gasusuwan nan kuwa in sun mutu ba sa sake tsirowa a jikin mutum, wani lokaci ma bututun kan cike da ƙashi cikin ƴan watanni.

Ga yadda abin ke bayyana a gida. Yaro ɗan shekara 2 da yake gudu ya dawo daga likita ya koma rarrafe. Ɗan shekara 6 yana tafiya ƙafa a ware, yana bin bango, da rana da sauƙi, da magariba sai faɗuwa. Sai a ce ciwon ya taɓa masa ƙafa, ko jinya ce ta cinye shi, ko iska ce. A shafa mai, a yi turare, a kai shi wurin mai ɗori. Ƙafar lafiyarta ƙalau. Babba ma da wuya ya iya bayyana abin. Wani likita a Amurka da allurar streptomycin ta kashe wa wannan sashe ya rubuta labarinsa a 1952: in yana tafiya ba ya iya karanta allon kan titi ko gane fuskar mai zuwa sai ya tsaya cak, kuma a farko ko bugun zuciyarsa na girgiza masa rubutu. In likita ya sha wannan wahala kafin ya fahimci halin da yake ciki, ina ga yaron da bai iya magana ba, ga shi kuma ya daina ji?

Allurar da ta yi wa wancan likita illa tana da ƴar'uwa da ke ko'ina a wurinmu, wato gentamicin. Magani ne mai ceton rai. Da shi ake ceto jarirai masu cutar jini da yara masu tamowa mai tsanani, kuma ba wanda zai ce a daina. Sai dai awonsa da nauyin yaro yake tafiya, da kwanaki ƙididdigaggu, da lura da ƙoda. In ya faɗa hannun mai tallan magani a kasuwa, ko mai yin allura a zaure wanda ke ƙara kwana don zazzaɓi bai sauka ba, yana iya kashe tsayuwa ya bar ji lafiya, ta yadda ba wanda zai zargi kunne.

Abin da ke ba ni takaici shi ne gwajin ba ya neman na'ura. A 1988 Michael Halmagyi da Ian Curthoys na Sydney suka bayyana shi: mai duba ya riƙe kan mara lafiya da hannu biyu, ya ce ya kalli hancinsa, ya juya kan ɗan kaɗan da sauri. Mai lafiya idonsa ba ya barin hancin. Wanda sashen ya mutu, ido na tafiya tare da kai, sannan ya yi tsalle ya dawo. Ga ƙaramin yaro, uwa ta riƙe shi a cinya, a nuna masa abin wasa. Babban yaro a sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya ido a rufe, ko ya taka katifa. Majo a cibiyar lafiya ta CSI zai iya koyon wannan a yini guda, matuƙar an tabbatar wuyan yaron ya saki. Na'urar auna ji da likitan kunne, hanci da maƙogwaro suna nesa, a manyan asibitocin Yamai ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, amma asibitin gundumar Ƙonni da na Galmi, wanda ke karɓar marasa lafiya tun 1950, da na jiha a Tawa, nan ne yaran ke kwanciya, nan ne kuma ake sallamarsu. Ƙa'idojin jinyar sanƙarau da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Afrilun 2025 sun nemi a duba ji da sauran tabon cutar kafin sallama ko jim kaɗan bayanta. Kulawar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce a dokar Nijar tun 2006. Abin da ya rage shi ne a sa tsayuwa a cikin abin da ake dubawa, a kuma rubuta wa uwa ranar dawowa a katin awo.

Sanin yana da amfani domin ƙwaƙwalwar yaro tana da dabara. Yaran da aka haifa ba tare da wannan sashe yana aiki ba sukan makara, da yawa ba sa tafiya sai bayan wata 18, wasu har shekara 2 ko fiye, amma suna tafiya, suna gudu, suna wasa. Ido da tafin ƙafa da jijiyoyin wuya ne ke karɓar aikin. Don haka irin wannan yaro ba kwanciya yake bukata ba. A bar shi ya motsa da rana a fili, a sa shi kallon abu ɗaya yana juya kai, a sa masa fitila in zai fita da dare, malaminsa kuma ya san ba zai iya kwafe allo yana jujjuya kai ba.

Wuri ɗaya ne dabarar ba ta aiki, shi ne cikin ruwa. In yaron ya nutse, ido ba ya gani a ruwan damina mai laka, ƙafa ba ta taka komai, ba abin da zai gaya masa ina sama take. Yana iya yin iyo ya nufi ƙasa ko da ya ƙware kafin ciwon. Yankin nan kuwa da tafkuna na damina, da kwarin Maggiya, da madatsun Mozage da Zango da hanyoyin ruwan da ke shayar da gonakin Ƙonni, duk wuraren wankan yara ne. Uwar da ɗanta ya tashi daga sanƙarau da kurumta ko tangaɗi ta cancanci a gaya mata wannan a bakin gadon asibiti, da Hausa, kafin ta ɗaure kayanta, a kuma gaya wa yayyensa maza, domin su ne ke tafiya da shi tafki.